Ranar da Baba Sifana Ya Gyara Birkin Kwamfuta

Baba Sifana ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙarƙashin motocin mutane, har sai da bayansa ya ce ya gaji, 'ya'yansa suka taru suka zaunar da shi a gida ala dole. Jiki dai ya zauna, amma baki da hannu suka ce ba da su ba. A gidan hayan da suke ciki, mai hawa biyu da tsakar gida ɗaya, babu wanda bai haddace karatunsa ba: duk abin da ke da fanka, yana zafi, yana ƙara, to inji ne, kuma inji kowane iri ne a tafin hannunsa yake. Da wannan karatun ya gyara agogon falo, wanda tun daga ranar yake gudu kamar an biyo shi. Da shi kuma ya gyara injin markaɗen matarsa, wanda yanzu sai mutum biyu sun danne shi kafin a kunna.

Ana nan, ana nan, sai kwamfutar Auta ta mutu.

Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe, tana ajin ƙarshe a jami'a. Kundin binciken da ta shekara tana rubutawa yana cikin tsohuwar kwamfutar tebur da yayanta ya bar mata, kuma ranar Litinin za ta miƙa shi. In ba ta miƙa ba, sai baɗi. Filashin da take ajiye kwafi ya ɓata tun tuni, kullum gobe za ta sayi wani. Da safen nan ta danna, kwamfuta ta yi ƙas, ƙas, ƙas, ta yi shiru, allo ya tsaya baƙi wuluk.

Ta ruga shagon mai gyara da ke bakin titi, ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Aka ce ya yi tafiya, sai Asabar da yamma. Ta dawo ido ya ciko, ta iske mahaifinta ya riga ya cire murfin kwamfutar, ya tura kai ciki yana shinshinawa.

"Baba, don Allah ka bar ta. Mai gyara zai dawo Asabar."

"Wane mai gyara? Yaron nan da ko gemu bai ajiye ba?" Ya ɗago kai, ƙura a kan hancinsa. "Ke Auta, ni da na sauke injin tirela ni kaɗai, rana na dukana, shi ne wannan 'yar gwangwanin za ta gagare ni? Ba gyara ta ma zan yi ba. Sabuwa fil zan haɗa miki. Kafin yaron nan ya kwance jakarsa, kin gama buga aikinki."

Auta ta san mahaifinta. In ya sa abu a gaba, gara ka bar masa hanya ka ceci abin da za ka iya ceta. Ta sa hannu ta zare wani ɗan akwatin ƙarfe mai faɗin tafin hannu, ta ɗaga masa.

"Wannan ita ce ma'ajiya, Baba. Duk aikina yana cikinta. Sauran ka yi yadda ka ga dama da su, amma ban da wannan."

"Ko kallonta ba zan yi ba," in ji shi, yana kallonta.

Auta ta ba mahaifiyarta ajiya. Mama ta kai ta inda take ɓoye duk abin da ba ta so mijinta ya gani, wato bayan manyan tukwane a saman kabad ɗin kicin, wurin da ya fi sani a duk faɗin gidan.

Kafin rana ta yi tsaka, Baba Sifana ya zagaye maƙwabta. Tela, da ke da shago a ƙasan bene, ya ba shi wata matacciyar kwamfuta da yake ɗora guga a kanta. Mai Aski, da ke ƙofa ɗaya da Tela, ya ba shi wata da ɓeraye suka taɓa haihuwa a ciki. Ya kwance su duka uku, ya baje kayan cikinsu a kan teburin cin abinci. Daga nan ya ɗauko babbar robar wankin Mama, ya tuttula fetur, ya shiga wanke su ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori.

Mama ta fito daga kicin tana toshe hanci. "Baban Auta, wannan robar da nake jiƙa fararen kaya ce."

"Yau ta samu aikin kirki. Ba a haɗa inji da datti."

"Buroshin kuma na waye?"

Ya juya shi, ya dube shi da kyau. "Tsoho ne."

"Nawa ne. Da shi na wanke baki ɗazu."

Ya shanya kayan a igiyar tsakar gida, ya maƙale kowanne da abin maƙale wanki, tsakanin zanen gadon mutanen sama da wandon makarantar wani yaro. Tela ya fito, awo rataye a wuya, ya tsaya yana kallo.

"Baba, in sun bushe a kawo in goge maka su?"

"Yi dariyarka. Ranar Asabar za ka zo kana roƙona in haɗa maka taka."

"Tawa ai ga ta can a igiya, ka yanka ta."

Washegari aka shiga haɗi. Bod ɗin kwamfutar Tela ya zaɓa, shi ne faffaɗan allon nan kore da komai ke hawa kansa, don ya fi sauran nauyi, kuma a wurinsa abu mai nauyi shi ne mai aminci. Ya ɗauko wata 'yar siririyar sanda daga kwamfutar Mai Aski, wadda Auta ta ce ana kiranta ram, ya nufi raminta. Ta ƙi shiga. Ya juya ta, ta ƙi. Ya lura akwai wani ɗan tsagi a jikinta da bai yi daidai da haƙorin da ke cikin ramin ba, ya girgiza kai don takaicin aikin kamfanonin zamani, ya ɗauko zarto ya yi mata sabon tsagi. Ya naɗe guduma da tsumma ya ɗan bubbuga ta. Ta shiga, rabinta kuma ya faɗo ƙasa.

"Dama ta gaji," ya ce, ya ɗauko ta gaba.

Sai da ya kashe duka na Mai Aski kafin ya gwada ta Tela, wadda ta shige ramin nata salin alin ba tare da an doke ta ba. Wannan bai burge shi ba. Ya ce ta ga abin da ya samu 'yan'uwanta ne.

A ƙarƙashin fankar ciki ya tarar da wani farin abu mai danƙo a bisa ƙwaƙwalwar kwamfutar. Ya kankare shi tas, yana mita a kan masu barin ƙazanta a inji, ya lakato giris ya shafa a madadinsa. Da ya gama ɗaure komai, sukurori cike da murfin kwalba suka rage. Mama ta nuna masa su da baki.

"Kamfani ne ke sa ƙari," in ji shi, "don irinku da ba su sani ba su ji tsoro."

Ya jona wuta, ya danna. Kwamfuta ta yi ƙara mai tsawo, fiiit, ta sake, ta sake.

"Kin ji ko? Hon ɗinta lafiya lau."

Auta, da ke zaune a gefe ta rafka tagumi, ta ce, "Baba, kuka take yi. In ta yi haka, wani abu ne bai zauna ba."

"Wa ya koya miki yaren inji?" Amma da ta juya baya, ya bi wayoyin da yatsa, ya tarar da ɗaya na reto, ya cusa ta a ɓoye. Ƙarar ta tsaya. Fanka ta juya, wata 'yar fitila ta kawo, Baba Sifana ya buɗe baki zai yi jawabi, sai wari irin na gareji ya tashi, komai ya mutu. Ya taɓa ya ji zafi rau, ya janye yatsa ya sa a baki.

Mai Aski ya leƙo ta taga, almakashi a hannu. "Baba, ko mu fito mu tura ta? Wataƙila ta tashi a giya biyu."

"Zafi take yi, kuma na san maganinsa. Wannan 'yar fankar ko shayi ba za ta huce ba."

Ya shiga ƙarƙashin gado ya jawo wata fankar lagireto ta motar ɗaukar kaya da ya ajiye tun zamanin aiki, da batirin mota. Ya ɗaure fankar a gefen kwamfutar da robar tiyub, ya haɗa waya. Abin da ya biyo baya, mutanen sama ma sun ji shi. Kalandar bango ta tashi, hular Baba ta fita ta taga ta wuce Mai Aski, labulen falo ya miƙe tsaye ya faɗa bakin fankar, ta cinye rabinsa kafin a cire waya. Mama ta tsaya a ƙofar kicin, ɗankwalinta a hannu, tana kallon abin da ya rage na labulen da ƙanwarta ta kawo mata tsaraba.

"Yanzu ai haske zai fi shigowa," in ji Baba Sifana, bai yarda sun haɗa ido ba.

Ranar Asabar da safe Auta ta tafi ganin malamin da ke duba aikinta, Mama ta tafi kasuwa. Baba Sifana ya zauna shi kaɗai, wani abu na cin ransa. Ƙarar nan ta ranar farko, ƙas, ƙas, ƙas, ta ƙi barin kunnensa. Bai taɓa jin ƙara a inji ya kwana bai gano inda take ba. Ya bi duk kayan da ya kwance, babu mai iya yin irinta. Saura abu ɗaya. Ya ce wa kansa dubawa kawai zai yi, dubawa kuwa ba taɓawa ba ce. Ya taka kujera, ya miƙa hannu bayan tukwane.

Sukurorin ma'ajiyar masu kan tauraro ne, babu sukundirebansa da ya shiga. Ya ɗauko kurfin yanka ƙarfe da guduma. Da murfin ya ɗaga, sai ya ja numfashi, farin ciki ya kama shi har cikin ƙashi. Ga wani faifai zagayayye mai sheƙi, ga wani ɗan hannu na ƙarfe kwance a kansa, bakinsa na gogar faifan.

"Birki," ya ce a hankali. "Ashe birki ne ya kama. Shi ya sa ta ƙi tafiya."

Wannan aiki ya yi shi sau ba adadi, ko ido rufe. Amma shi mutum ne mai alkawari, kuma yana ƙaunar 'yarsa, don haka sai da ya fara sa tabarau, ya kai faifan bakin taga, ya jujjuya shi a haske, ya duba gaba da baya. Babu ko harafi ɗaya a jiki. Hankalinsa ya kwanta, aikin Auta ba a nan yake ba, yana can wani lungu na akwatin. Ya sa filaya ya ɗaga ɗan hannun, ya lanƙwasa shi sama yadda ba zai sake gogar komai ba. Ya ga wani siririn zane a kan faifan inda hannun ya ci, ya ɗauko samfefa mai laushi ya bi shi a zagaye, ya bi sauran fuskar don ta yi daidai, ya wanke da fetur, ya ɗiga baƙin mai a tsakiya. Ya juya faifan da yatsa. Shiru kake ji, ko ƙas ɗaya babu. Ya mayar da murfi ya naɗe da salatif, ya cusa ma'ajiyar cikin sabuwar kwamfuta.

Abu irin wannan ba a yin sa a ɓoye. Ya fitar da teburin cin abinci tsakar gida, ya jawo waya daga falo, ya bi ƙofa ƙofa yana kiran mutane su zo su ga yadda ake aiki. Matan sama suka jeru a kan bene. Tela ya fito da kujerarsa. Mama ta dawo daga kasuwa ta tarar da teburinta a waje, ta ajiye kaya ta zauna a kan matakala. Batirin mota ya riga ya mutu, saboda haka Baba ya yi wa babbar fankar wata dabara da tsohuwar cajar batir da wayoyi tsirara, ya cusa su a soket ɗaya da kwamfutar, ya tokare da tsinken ashana.

Ana cikin haka Auta ta shigo. Ta ga taro, ta ga mahaifinta tsaye ya sa rigar fita.

"Yauwa, ga mai kayan. Matso kusa, Auta. Jama'a, ku shaida, yaron bakin titi bai dawo ba tukuna."

Ya danna. Wani abu ya yi tau a jikin bango, wuta ta ɗauke a gidan gaba ɗaya. Keken Tela ya tsaya a hannun yaransa, rediyon sama ya yi shiru. Daga shagon Mai Aski wani ƙaton mutum ya fito, zane ɗaure a wuya, rabin kansa tas, rabi kuma gashi cunkus.

"Wa ya kashe wuta? Ɗaurin aure zan je, ana jirana."

"Ka ce musu sabon yayi ne," in ji Tela.

"Fis ne kawai," in ji Baba Sifana. "Fis ɗin zamani tsoro gare shi." Ya nufi akwatin wutar gidan da ƙusa a hannu. Mai Aski da mai rabin kai suka riƙe shi ta baya, Tela ya ƙwace ƙusar, aka samo fis na gaskiya aka sa, bisa sharaɗin a cire fankar tirela. Baba ya yarda, amma ya ce a rubuta a ajiye, in ta yi zafi ba ruwansa. Aka sa wata mata ta tsaya da murfin bokiti tana yi wa kwamfutar fifita.

Ya sake dannawa. 'Yar fankar ciki ta juya. Fitila ta kawo. Sai ga allo ya yi haske, fararen rubutu suka fito a kansa.

Gidan ya kaure da tafi. Har mai rabin kai ya tafa. Baba Sifana ya ɗaga hannu biyu yana karɓar gaisuwa, ya juya ya kalli Tela, ya kalli Mai Aski, ya kalli matan bene ɗaya bayan ɗaya. Auta kanta ta yi dariya, ta dafa ƙirji, don ba ta taɓa zaton abin zai kawo haske ba. Ta sunkuya ta karanta.

"Ta ce ba ta ga ma'ajiya ba. Daidai ne, ai ba a sa ba. Mama, ɗauko min ajiyata."

"Zauna abinki," in ji Baba Sifana. "Tana ciki. Na ma gyara miki ita."

Auta ta ɗago a hankali. "Ka yi mata me, Baba?"

"Birkinta ne ya kama. Shi ne ƙarar nan da kika ji." Ya zaro ma'ajiyar, ya ɓare salatif, ya ɗaga murfin ya nuna wa jama'a kafin ya nuna mata. "Dubi nan. Na saki birkin, na bi faifan da samfefa. Yanzu ko jariri ya hura shi sai ya juya."

Auta ta karɓa da hannu biyu. Ta dubi faifan da ya koma dishi-dishi, duk zane, mai na naso a gefensa. Ta dubi ɗan hannun da ke kallon sama.

"Baba, a kan wannan faifan aikina yake."

"A'a, kwantar da hankalinki. Sai da na duba da tabarau, gaba da baya. Babu rubutu ko ɗaya a jiki."

Wata daga kan bene ta tuntsire da dariya, ta ga babu mai taya ta, ta haɗiye abarta. Mai fifita ta sauke murfin bokiti. Auta ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa dirshan, a gaban kowa, ta rungume ɗan akwatin, hawaye na sauka a kan rigarta. Shekara guda ta hana kanta barci da biki da hira a kan wannan aikin.

Baba Sifana ya tsaya, murmushin bai gama barin fuskarsa ba. Ya dubi Tela, Tela ya dubi ƙasa.

"To... yaron bakin titi fa? In ya dawo anjima, ba zai iya..."

"Ko wanda ya ƙera ta ba zai iya ba, Baba," in ji Mai Aski, kuma wannan karon babu tsokana a muryarsa.

Mutane suka fara zamewa ɗaya ɗaya. Kwamfutar da ba mai yi wa fifita ta yi ɗan tari, ta saki siririn hayaƙi, ta mutu, babu wanda ya ko waiwaye ta. Mama ta taso ta ɗaga 'yarta. "Tashi. Takardun da kika yi ta zane a kansu suna nan cikin kwali, kan naki ma yana wuyanki. Daga yau zuwa Litinin ba kwana kaɗan ba ne wurin mai zuciya." Suka shige ciki, aka bar shi da teburi.

Kunya ta kama Baba Sifana irin wadda bai taɓa ji ba, tausayin yarinyar kuma ya fi kunyar ciwo. Ya daɗe a tsaye. Can ya hau bene, ya ƙwanƙwasa ƙofar wata malamar makaranta da ke da kwamfutar tafi-da-gidanka, matar da jiya-jiya ya gaya wa cewa irin tata wasan yara ce. Ta buɗe, ta ji buƙatarsa, ta dube shi sama da ƙasa.

"Zan bayar saboda Auta. Amma ka juya aljihunka tukuna."

Dattijo guda, a gaban matan bene, ya juya aljihunsa. Sukundireba biyu, filaya, guntun samfefa, ƙusa. Ta karɓe su duka ta zuba a bokiti, sannan ta ɗora masa kwamfutar a hannu. Ya sauko da ita a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɗauke da miya mai zafi.

Ya tarar da Auta a falo ta baje takardu a ƙasa, ido jawur. Ya ajiye mata a gabanta.

"Ban buɗe ba," ya ce. "Ko murfin ban ɗaga ba."

Ta dube shi, ta goge fuska da bayan hannu, ta jawo kwamfutar ta kunna. Ta miƙo masa tarin takardu.

"Zauna nan, Baba. Ka riƙa karanto min, ni ina bugawa. Yadda na rubuta za ka karanta, kada ka gyara komai."

Ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya gyara tabarau, ya fara daga layin farko.